Man Fetur a Fadamar Kakanmu

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, na samu aiki a wani ɗan ɗakin gwaji da wata jami'a ta buɗe a Birnin Kudu. Ɗakuna biyu ne aka ara mana a bayan wani ofishi. Aikinmu kuwa, in ka faɗa wa mutum sai ya dube ka ya ga ko lafiyarka ƙalau: ƙurar fure muke nema a cikin laka. Kun san bununin nan da ke kaɗowa daga kan gero idan ya yi fure? To kowane tsiro yana da irin nasa, kuma kowanne da kamanninsa. Idan ya faɗa fadama laka ta rufe shi, sai ya daɗe ƙwarai bai ruɓe ba. Mu sai mu kafa bututun ƙarfe mu zaro lakar daga can ƙasa, mu wanke ta da magunguna masu cin hannu, mu ɗiga abin da ya rage a kan ɗan gilashi, mu leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Da haka ake gane irin itatuwa da ciyayin da suka rayu a wurin tun kafin kakannin kakanninmu.

Ni nawa wankin laka ne da leƙen madubi. An ba ni farar riga, ina ji da ita ba kaɗan ba. Har kasuwa nake shiga da ita, masu tireda suna ce mini likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Maigidana a wurin aikin malamin jami'a ne, mutum marar yawan magana. Wata rana ya ce yana neman fadamar da ba ta bushewa ko da rani. Nan take na ce ai muna da ita a gida, can ƙasar Gwaram, kusa da Fagam. Ta kakana ce. Da ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, mahaifina da ƙaninsa da muke kira Baffa, ba su kuwa raba ta ba. Tare suke noma rake da albasa, rijiya ɗaya, jigo ɗaya na jan ruwa, in an cire amfani su kasa biyu.

Na je na nemi izinin mahaifina. Ya ce, "In dai laka ce ku ɗiba, ita kam Allah ya hore mana." Baffa ba ya gari a lokacin, ya kai shanu kasuwar Sara ya zarce wani wuri, kuma babu wanda ya ga dalilin jiransa saboda laka.

Muka zo da Landiroba da bututai da leburori. Tun kafin a sauke kaya gari ya taru. Lakar da ta fito daga ƙasa baƙa ce wuluk, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan da ya taru a ramin kuma yana da wani maiƙo-maiƙo mai ƙyalli a kansa, abin da duk mai shiga fadama ya saba gani. Amma ran nan da wani ido aka kalle shi. Muka nannaɗe lakar a hankali, muka jera a mota kamar jarirai. Wani dattijo ya tambaye ni me muke nema, na yi masa bayanin ƙurar fure tiryan-tiryan. Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya kai Gwaram da Zandam cewa an samu man fetur a fadamarmu. Hujjar mutane kuwa mai ƙarfi ce: gwamnati ba ta tura mota da ma'aikata su zo neman ƙurar fure.

Mahaifina ya aiko in zo. Na same su a zaure shi da Baffa, kowa ya zauna a gefensa. Baffa ne ya fara magana, muryarsa a kwance.

"Yaya, an zo an auna wuri ba na nan, kuma ɗanka ne ya kawo su. Ban ce an cuce ni ba. Amma ina so a raba, kowa ya san nasa kafin gwamnati ta dawo."

Na ce, "Baffa, wallahi babu wani mai. Ƙurar fure ce."

Ya juyo ya dube ni. "Da akwai, za ka faɗa mini?"

"Zan faɗa mana."

"Su waɗanda suka ba ka farar riga za su bar ka ka faɗa?"

Na ga duk abin da zan ce, shi ne dai abin da mai ɓoye man fetur zai ce. Mahaifina ya ce a bar maganar sai an cire albasa. Baffa bai jira ba. Cikin 'yan kwanaki ya kai ta gaban alƙali.

Da na gaya wa maigidana, ya ajiye abin da ke hannunsa. Sai ya ce, "Ka kawo shi nan ya gani da idonsa." Sai da na yi ta kai da komowa kafin Baffa ya yarda. Ranar da ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina iska, ina jin warin fetur yake nema. Maigidana ya gaishe shi da ladabi, ya gutsuro lakar fadamarmu ya miƙa masa, ya kunna wuta ya ce ya sa da hannunsa. Baffa ya sa. Laka ta yi tururi ta bushe, ba ta kama ba.

Sannan muka zaunar da shi gaban madubi. Da farko ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce shi duhu yake gani. Na gyara masa zama, na murɗa madubin a hankali. Sai na ga kafaɗunsa sun tsaya cak.

"Waɗannan 'yan ƙwallayen fa?"

Maigidana ya ce, "Na bado ne, Malam. Akwai lokacin da fadamarku tafki ce babba. Waɗancan na gefe kuma na wasu itatuwan kurmi ne da yanzu babu su a ƙasar nan."

Baffa ya daɗe yana leƙe, ana canja masa gilashi yana cewa a ƙaro wani. Da ya ɗago ya ce, "To in kun gama ganin su, sai me?"

"Sai mu rubuta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya dubi maigidana, ya dube ni, ya ce, "Allah mai iko."

A hanyar tasha ya ce mini ya yarda babu mai. Na yi murna, na ce to sai a je a janye maganar. Muka ɗan yi tafiya, sannan ya ce, "Ɗana, na tsaya gaban alƙali na nuna ban amince da ɗan'uwana ba. Duk gari sun ji. Ko na janye, na riga na faɗa. Da wane ido zan koma mu ja jigo ɗaya?"

Haka aka yi rabon bayan an cire albasa. Wakilin alƙali da dagaci suka zo da igiya aka auna, aka dasa gamba a kan iyaka. Rijiya ta faɗa ɓangaren Baffa. Ranar da mahaifina ya fara haƙa tasa, sai ga Baffa da 'ya'yansa da digarsu. Ya shiga rami, suka yi ta haƙa shi da mahaifina har aka tadda ruwa. Gaisuwa ba ta yanke ba, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, buki da rasuwa duk tare. Abin da bai dawo ba shi ne cin tuwo a akushi ɗaya a zaure, wanda suke yi tun suna yara. Kowa ya koma ci a gidansa.

Gwamnati dai ba ta dawo ba. Mun gama aikinmu, maigidana ya rubuta abin da zai rubuta, aka rufe ɗakin gwajin aka mai da ni jami'a. Har yau akwai tsofaffi a garinmu da suka yi imani man yana nan, ɓoye shi aka yi. Na daina musu da su tuntuni.

Da daɗewa bayan haka, mahaifina ya tsufa, na tambaye shi ko ya taɓa jin haushina a kan wannan abu. Ya ce, "Rabon nan da ma yana tafe. Gara da aka yi shi muna da rai, ni da shi muna jin kunyar juna. Da ku aka bar wa, ku ba ku da wannan kunyar."

Yanzu dukansu sun rasu, Allah ya jiƙan su. Mu 'ya'yansu mun yi yawa, wasu ma ba su san juna sosai ba, kuma ba mu taɓa zuwa gaban alƙali a kan fadamar nan ba. Don haka ina jin gaskiyarsa ce. Sai dai na lura, har ya bar duniya, duk sanda aka kawo masa tuwo yakan matsa gefe ɗaya na tabarma, ya bar wurin zaman mutum ɗaya, kafin ya sa hannu.