Baba Yunus da Kwamitinmu na Mutum Biyar

Yau shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Baba Yunus a nan Alƙahira. Tsoho ne Musulmi ɗan ƙasar Sin, mai shagon taliya a unguwar Hayyin Ashir. Mu ɗaliban Najeriya mun san shi ne saboda yawan miyarsa. Ni kuwa na san shi ne a ranar da ya ba ni kunya, kuma har gobe ina gode masa.

A saman benenmu akwai Hajiya Sakina, Bahaushiyar Sudan, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya. Ɗan mai gidan yana son ɗakin. Sai ya fasa bututun ruwa da hannunsa, ya ce 'ya'yanta ne, ya ba ta kwana uku ta kwashe kayanta. Muka taru, muka yi abin da muka fi iyawa: muka kafa kwamitin mutum biyar, ni ne sakatare. Har da sabon littafi na saya.

Da na ba Baba Yunus labari ina taƙama, sai ya ajiye ludayi. Ya ce yana ɗan shekara shida sojojin Japan suka tayar da bam a layin dogo a yankinsu na Manchuriya, suka ce mutanen Sin ne, suka mamaye ƙasar. Majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta turo kwamiti bayan watanni. Suka zagaya, suka rubuta gaskiya tsaf. Japan ta fice daga majalisar, ta ci gaba da zamanta. Kafin rahoton ya fito, gidan su Baba Yunus ya zama na wasu.

"'Yan kwamitin ba su yi ƙarya ba," in ji shi da Larabcinsa mai gargada. "Latti suka yi. Yalla, maza ɗauko min kujera."

Ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya hau hawa shida yana haki, ya zauna a ƙofar Hajiya Sakina. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ganin tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya a cikin rana, mu ma muka zo muka jeru, masu gyaran takalma da maƙwabta Misirawa suka biyo. Ɗan mai gida ya hau ya ƙirga kawuna, ya ce, "Khalas, ma'alish," wato shi ke nan, a yi haƙuri, ya sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ranar kuwa bai ga tsaga ba.

Yanzu idan na ga manyan duniya a talabijin suna nuna damuwa kan wannan yaƙi ko wancan, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai zage su ba, don bai iya zagi ba. Tambaya zai yi: wa ya je ƙofar?

Bai bar ɗa ba, shagon ma yanzu waya ake sayarwa a ciki. Amma Hajiya Sakina tana nan a ɗakinta. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ƙannenta biyu da jikokinsu suka iso Alƙahira ba su da ko tabarma, kuma a wannan ɗakin suka sauka. Allah Ya jiƙan Baba Yunus. Da mun tsaya jiran rahotona, ban san inda za su kwana ba.