Kajin Maman Rejoice

Duk wanda ya zauna a Hayin Dogo, nan Samaru, kafin shekarar murar tsuntsaye ya san Keziya, ko da bai san sunanta na yanka ba. Maman Rejoice ake ce mata. Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, irin waɗanda za su gaishe ka su kuma yi maka gyara a numfashi ɗaya. Mijinta Mordecai ya yi shekara ashirin yana leburanci a gonar gwaji ta jami'a kafin ya rasu, ya bar ta da ɗaki biyu, da 'ya ɗaya tilo, da tsakar gida cike da kaji.

Kajin nan kuwa ba irin na kowa ba ne. Durgu ne, masu gajerun ƙafafu, in suna tafiya sai ka ce cikinsu zai share ƙasa. Matan zumunta na majami'arsu har tsokanarta suke yi, wai ita da kajinta tela ɗaya ya auna su. Ita kuma ba ta barin bashin magana, sai ta ce gara gajere mai ƙwai da dogo mai surutu.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne inda kajin suka samo asali. A wani ƙauyen Maguzawa can bayan Giwa aka haifi Keziya. Da ta karɓi baftisma ta ce Mordecai za ta aura, ubanta ya rantse ba za ta ƙara taka masa gida ba. Ranar tafiya, sun kai bakin rafi ke nan sai ga Innarta da gudu-gudu, ɗauke da ɗan kwando, da budurwar kaza a ciki. Keziya kuwa amarya ce mai sabon takalmi, birni za ta, sai kunya ta kama ta, ta ce me za ta yi da kaza a Zariya.

Inna ta danƙa mata kwandon ta ce, "Riƙe dai. Uwarta na wurina. Duk safiyar da kika watsa mata dawa, ni ma ina can ina watsa wa uwarta. Kin ga mun gaisa ke nan."

Ba su sake ganin juna ba. Ko rasuwar Inna, sai bayan an yi kwana goma da binne ta wani mai kawo dankali kasuwa ya faɗa mata. Amma shekara talatin da biyu, Keziya ba ta taɓa fashin fitowa da ƙwaryar ɓarzajjiyar dawa da sassafe ba, kuma a wannan ɗan lokacin ko limamin coci ne ya yi sallama sai ya jira. Zakaru takan sayar, takan yanka da Kirsimeti, amma matan ba ta sayar da su. Kiwo take ba da su, yadda ake yi a ƙauye: ta ba ki kaza, in ta ƙyanƙyashe ku raba 'yan tsaki, uwar kuma tana nan ta mai ita. Da haka durgun Inna suka bazu gida tara a unguwar, har ɗaya ta ƙetara Dogarawa wurin aminiyarta Clementina, wadda ta karɓi tata a Kirsimetin da ya wuce.

To, an sa auren Rejoice mako ɗaya bayan Ista, da wani soja na barikin Basawa mai suna Japhet, wanda za a mayar Makurdi da zarar an gama biki. Sauran iyaye mata tunanin akwati da tukwane suke yi. Keziya ita tunaninta ɗaya ne, ta sa kazar Inna a kwandon nan na da, wanda har yanzu yana rataye a ɗakinta, ta miƙa wa 'yarta. Kullum takan tsaya tana duban 'yan matan kajin, tana zaɓe tana fasawa.

Sai ga watan Fabrairun dubu biyu da shida. Rediyo ya ce wata cuta ta faɗa wa wata babbar gona a hanyar Kaduna, kaji na zubewa dubu-dubu, kuma wai a wasu ƙasashe har mutane take kamawa. Kafin mako ya zagayo Samaru ta sauya. Masu shayi suka kwashe kiret ɗin ƙwai daga tebur, ɗalibi ya ci indomi gaya ko ya bari. Masu gashin kaza na bakin titi suka koma kifi da tsire. A kasuwar Sabon Gari layin 'yan kaji ya zama wurin da awaki ke kwanciya. 'Yan jami'a ne kawai suka ga banza ta faɗi, suna saye da arha suna cewa ai mutuwa ɗaya ce. Ranar Lahadi aka yi sanarwa a majami'a cewa kada kowa ya ƙara kawo kaza mai rai baiko, wato sadakar coci, aka kuma ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Direbobin bas ma suka ce ba su ɗaukar mai kaza ko nawa zai biya.

Abin da ya fi yi wa Keziya ciwo shi ne ƙofar gidanta. Gidan da ba ya rabuwa da mai aron turmi da mai neman gishiri, sai ga mata na tsayawa daga waje suna ɗaga murya su gaishe ta. Daga nan aka fara dawo mata da kiwo. Kowace ta yanka nata rabon ta soye, ta ɗauro uwar da tsumma a ƙafa, ta ajiye a bakin zaure ta ce maigida ne ya hana. Rejoice, da yake ta yi karatun kiwon lafiya, ta roƙi uwarta kada ta haɗa baƙin da na gida, don ma'aikatan dabbobi sun ce a daina kai kaji gida-gida. Keziya ta ce waɗanne baƙi? Jinin gidan nan ne, kuma ba a taɓa jin an dawo wa mutum da kiwonsa ya bar shi a titi ba. Ta kwance su duka ta zuba a akurki ɗaya.

Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Amma zuciyarta ta ƙi kwanciya da ta Dogarawa. Gani take duk duniya ba mai iya kula da durgun Inna sai ita, da ruwan toka da jar kanwa da barkonon da take jiƙa musu in sanyi ya kama su. Ranar wata Talata ta hau bas zuwa Kwangila, ta ƙarasa a ƙafa.

Clementina tana tsinkar alayyafo ta gan ta, ta kuma gane abin da ya kawo ta tun kafin a gama gaisuwa. Ta nuna mata kazar, ga ta nan ɓul-ɓul a bayan ɗakin girki, ta ma soma neman wurin yin ƙwai. Ta ce layinsu ko kaza ɗaya ba ta yi tari ba, ta bar ta nan har ƙura ta lafa.

"Maman Rejoice, kin tara su duka wuri ɗaya. In abu ya shiga fa? Ki bar wannan ta zama ajiya."

Keziya ta murtuke fuska ta ce, "Kiwo na ba ki, ba kyauta ba."

Maganar ta yi wa Clementina zafi, don shekara goma sha biyar suna zama benci ɗaya a zumunta. Ta kamo kazar ta miƙa mata. Keziya ta naɗe ta cikin zane ta rungume kamar jaririya, ta riƙe mata baki tun daga Kwangila har Samaru don kada kwandasta ya ji.

Kwana huɗu aka yi. Ranar Asabar da safe ta fito da ƙwarya ta tarar da biyu a kwance, tukkunsu ya yi baƙi, kai ya kumbura. Ta jiƙa barkono, ta jiƙa kanwa, ta yi addu'ar da ba ta yi ba tun jinyar Mordecai. A banza. Washegari bakwai, ran Litinin goma sha ɗaya. Ta Dogarawa ce ta ƙarshe, ta kai har Laraba tana tsaye da ido a rufe. Rejoice ce ta kira ma'aikata, suka zo da farar riga da takunkumi, suka tona rami a bayan gida suka ƙone, suka fesa magani har cikin ɗaki. Keziya tana zaune a kan turmi tana kallo, ba ta yi faɗa da kowa ba, abin da ya tsorata maƙwabta ke nan.

A layin su Clementina kuwa, har cutar ta wuce ba kazar da ta mutu. Keziya ta ji labari, ta kuma san wa ya ɗauko ta ƙarshen da hannunsa. Clementina ta zo taya aikin biki da zanenta na zumunta, ba ta ta da zancen ba, ba ta kuma taɓa ta da shi ba har yau.

An yi biki da naman sa da kifi, ba wanda ya yi ƙorafi. Da motar Makurdi ta tsaya a ƙofar gida ana loda kaya, Keziya ta shiga ɗaki ta sauko da tsohon kwandon. Ba komai a ciki sai ƙullin ɓarzajjiyar dawa a leda. Rejoice ta karɓa ta ce ba komai Mama, ai kaza ce, za ta samu wata a can.

"Ki samu," in ji Keziya. "Ko wace iri ce. Ki riƙa watsa mata da safe, ni ma ina nan ina watsawa."

"Wa za ki watsa wa, Mama?"

Keziya ta gyara mata ɗankwali ta tura ta mota.

Bayan shekara guda maƙwabta sun koma kiwo, wasu har sun kawo mata kyautar 'yan tsaki masu dogayen ƙafafu, ta yi godiya ta mayar. Ta je kasuwar Giwa sau uku tana leƙa kwandunan 'yan ƙauye. Takan ga durgu jifa-jifa, ta ɗaga ta juya, ta ajiye ta ce ba na gidansu ba ne. Amma matar da ke haya a ɗakin kusa da nata ta ce ba a taɓa wayewar garin da ba ta ji ƙarar ƙwarya ba. Keziya takan fito tsakar gida, ta yi kiran nan da take yi wa kaji, ta watsa dawa a ƙasa, ta tsaya jim tana kallon wajen Giwa. Sai ta koma ɗaki sannan kurciyoyi ke saukowa.