Yadda Muka Cinye Shaida a Ƙasar Gwiwa

Cikin shekaru talatin da ɗoriya da na yi ina aikin inshora, akwai yini ɗaya da ya ƙi fita daga raina, wato Alhamis ɗin da ni da maigidana Malam Lawan muka je duba asara a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan ƙorafi wai na cika takura, ba na yarda a tsallake ko layi ɗaya in ana karanta wa mutum takarda. To, ku saurara ku ji inda na samo halin.

Abin ya faru ne da damina, shekara guda bayan an daina fam da sule an koma naira. A lokacin Kazaure tana ƙarƙashin Kano, ni kuwa ƙaramin wakili ne, mai yawo a kan babur daga Roni zuwa Babura ina lallashin mutane su shiga inshora. A sama da ni akwai mai tantance asara, wanda in abu ya lalace shi ke zuwa ya gani da idonsa, ya rubuta a biya ko kada a biya. A samansa sai manaja a Kano, wanda mu ƙananan ma'aikata sa hannunsa kawai muka sani.

Malam Lawan shi ne mai tantance asararmu. Tsohon malamin dabbobi ne, dogo, marar fara'a, kullum da jan biro a aljihun gaba. In ya zaro biron nan, mai neman diyya sai ya fara salati. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma ya ɗauki takardar sharuɗɗa da muhimmancin da ko wanda ya rubuta ta bai ɗauke ta ba. Rauninsa ɗaya ne a duniya, kuma duk ofis mun san shi: farfesun ƙafar sa.

A ƙauyen da nake faɗa akwai wata ƙungiyar taimakon juna da ba ta neman riba. Duk dukiyarta amalanke ɗaya ce da bijimai biyu, aikinsu kuwa kai marasa lafiya da mata masu naƙuda asibitin Roni kyauta, don in ruwa ya sauka babu motar da ke iya shiga garin. Shugabansu Malam Haladu ne, dattijo mai sanyin magana. Amma wadda ta tayar da ƙungiyar, ta bi gida-gida har aka sayi bijiman, ita ce Goggo Hajjo ungozoma, wadda rabin garin a hannunta aka haife su, shi ya sa ba ta shayin kowa.

Na sha wuya kafin su yarda su sa bijiman a inshora. Sai da na yi sawu uku ina bayani cewa abin taimakon juna ne irin nasu, sai dai ya fi faɗi. Ranar da suka amince, na zauna a zauren Malam Haladu ina karanta takardar da Turanci ina juya musu. Sharuɗɗa uku ne. Na farko, in wani abu ya sami sa, a sanar da ofis cikin kwana uku. Na uku, a kawo kunnen da aka maƙala wa lambar ƙarfe, da lambar a jikinsa. Na biyu kuwa cewa ya yi kada a yanka dabbar, kada a taɓa gawarta, sai mai tantance asara ya gani.

Na dubi sharaɗi na biyun nan, na dubi farin gemun Malam Haladu. Na san in na ce masa ya tsaya yana kallon sa ya zama mushe don jiran wani mutum daga Kazaure, ko ruwan randa ba zai bari in ƙarasa sha ba. Sai na yi tari mai ƙarfi, na gyara zama, na wuce na uku. Suka dangwala hannu, na hau babur ina jin kaina gwani.

Wata bakwai bayan haka, ranar Laraba da la'asar, sai ga Buba mai kiwon bijiman a ƙofar ofishinmu na Kazaure, ya jiƙe sharkaf a kan keke. Ya ce da hantsi suna dawowa daga Roni, gefen kwazazzabo ya zabtare da babban san, wanda suke kira Goje, ƙafarsa ta gaba ta karye, ya kasa tashi.

Na ce, "To yanzu yana ina?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan babansa. Ya ce, "Yana ina kuma, Malam Habu? Ai Liman ya yanka tun kafin azahar. An rabar. Kai da ƙafa kawai suka rage."

In aka ƙi biya, sa ɗaya ba ya jan amalanke, bayan farin da aka yi kuwa shanu sun yi tsadar da ƙungiyar ba za ta iya sayen wani ba. Ga damina tsaka, ga mata masu ciki. Kuma in aka binciko wanda ya tsallake sharaɗin, ni ma aikina ya ƙare. Wani ƙarin tashin hankalin, Malam Lawan yana Kazaure a makon, ya zo rangadi.

Na zaunar da Buba na sayo masa ƙosai, ina tunani. Can na ce, "Ka koma tun da sauran rana. Ka gaya wa Goggo Hajjo gobe zan zo da babban baƙo. Ta dafa ƙafafun nan, ta sa yaji sosai. Karyayyar ƙafar kuma kada a sassara ta, a sa ta yadda take, a zuba a kwanon baƙo. Kuma kada wanda ya yi maganar san sai an wanke hannu."

Shi kuwa Malam Lawan, abin da na gaya masa kawai shi ne sa ya faɗa kwazazzabo. Ban yi ƙarya ba, na dai tsaya a inda gaskiyar ta fi daɗin ji.

Washegari muka ɗauki motar ofis da sassafe. Ta kafe sau biyu, a ƙarshe muka bar ta a gindin wata tsamiya muka ƙarasa a ƙasa. Ko da muka isa azahar ta yi, farin wandon Malam Lawan ya koma ja har gwiwa, yunwa kuma ta gama cin mu. Ya ce a kai shi ya ga san. Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan ba a yi wa baƙo maganar aiki da yunwa a cikinsa. A yi salla, a taɓa ɗan abin da ya samu."

Aka shigo da tuwon gero da wata babbar tasa. Da aka buɗe murfin, na ga hancin maigidana ya motsa. Ya ce shi kaɗan zai taɓa. Wallahi ban taɓa ganin kaɗan mai yawan wannan ba. Ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, gumi na zuba, yana ci yana sa wa mai girkin albarka. Ya tsotse ƙashi tas, ya bubbuga shi a bakin tasa don ɓargo ya fito. Ni ma dai ban zauna kallo ba, na ci karo da wani guringuntsi mai daɗi na tauna abina.

Da aka wanke hannu, ya mayar da hula, ya zaro jan biro, ya koma Malam Lawan na ofis.

"To, Malam Haladu, ina gawar san?"

Malam Haladu ya dube ni, ni kuwa na sami abin kallo a rufin azara. Sai muryar Goggo Hajjo ta fito daga bakin ƙofar cikin gida, inda ta tsaya da mayafinta.

"Wace gawa, ɗan nan? Goje bai yi gawa ba, yanka shi aka yi. Gidajen marayu goma sha sun ci, kai ma ga ƙafarsa nan ka cinye biyu."

Malam Lawan ya dubi tasar, ya dubi hannunsa, ya juyo gare ni a hankali. Ban taɓa jin zaure ya yi mini ƙanƙanta kamar ranar ba. Ya buɗe jaka ya fito da takardar, ya karanta sharaɗi na biyu da Hausa tiryan-tiryan, ba tari ba gyaran murya.

Malam Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, yau na fara jin wannan. Amma ko da na ji tun farko, ba zan ɓoye maka ba, yankawa za mu yi. Dabba na kwance tana nishi, ga wuƙa, ga mutanen da rabonsu da nama tun Babbar Salla, mu tsaya halal ta zama mushe a gabanmu? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kiwo ba."

"Kunnen fa?" in ji Malam Lawan. "Sharaɗi ya ce kunne da lambarsa."

Goggo Hajjo ta kwance haɓar zaninta, ta fito da lambar ƙarfen ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "Ga ƙarfenku, ba ya dahuwa. Kunnen kuwa tambayi yaronka, shi na ga yana gurgura."

Buba ya ƙunshe baki ya fita waje. Ni kuwa guringuntsin nan sai na ji ya dawo mini maƙogwaro.

Goggo ba ta gama ba. Ta ce, "Akwai mata a garin nan da watansu ya kama. Ɗaya yarinya ce mai cikin fari, kuma ba na son yadda cikin ya kwanta. In ba za ku biya ba, ka faɗa mini yanzu, in san ko a bayana zan goya ta zuwa Roni."

Malam Lawan ya ajiye takardar. Ya jawo tasar, ya tona cikin ƙasusuwan da ya tara, ya ɗauko dogon nan da ya bubbuga ɗazu. Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya juya shi, ya shafa bakinsa da babban yatsa. A nan tsohon malamin dabbobin ya farka. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan ba saran gatari ba ne. Sara a miƙe yake tafiya. Wannan ya tsage a karkace, jini kuma ya shiga ƙashin. Da ransa ya karye." Ya sa aka kawo fatar, ya duba inda ta kuje. Ya sa aka kai shi kwazazzabon, ya ga inda ƙasa ta zabtare. Muka dawo, ya mayar da jan biro aljihu, ya ce in ba shi shuɗin biro.

Na leƙa na ga abin da ya rubuta: ya binciki ƙafar da ta karye da kansa, bincike na kusa ƙwarai, ya gamsu, a biya. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki.

A hanyar komawa, da muka hango duwatsun Kazaure, ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Habu, wa ya gaya wa tsohuwar nan ina son ƙafar sa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, labarin mutumin kirki ba ya ɓuya."

Ya ce, "Rufe mini baki. Da ƙashin nan bai nuna karaya ba, da ko sa guda na cinye ba zan sa hannu ba, kai kuma da yau ka kwana ba aiki. Ka ci amanar mutanen nan ranar da ka tsallake layin. Sun dangwala hannu a kan abin da ba su ji ba."

Wannan maganar ta fi kora zafi, don gaskiya ce, kuma na ji kunya har raina. Hukuncin da ya yanke mini shi ne in zauna in rubuto sabon sharaɗi da zai kai wa manaja: in dabba ta ji raunin da ba za ta tashi ba, a yanka a gaban mai gari da liman, a ajiye fata da lamba da gaɓar da ta ji ciwo. Da aka amince, ya sa na bi duk ƙauyen da na taɓa sayar da inshora, na sake karanta musu takardar daga farko har ƙarshe. Wata biyu na yi ina wannan yawo a kan babur.

Kafin mako uku ƙungiyar ta sayi sabon sa a kasuwar Babura. Yarinyar nan mai cikin fari ita ce ta biyu da ya ja zuwa Roni, kuma an sauka lafiya.

Abin da na koya shi ne, masu aikin taimako ba su da lokacin jiran takarda, don wanda ke gabansu yana nishi ne a lokacin. In sharaɗi ya saɓa wa abin da mutanen kirki za su yi ko ana so ko ba a so, sai a kai shi sama a gyara, ba a yi tari a wuce shi ba. Malam Lawan ma ya koyi nasa darasin. Har ya yi ritaya, duk ƙauyen da muka je duba asara aka kawo mana kwano, ba ya sa hannu sai ya ɗaga murfi ya dubi mai gida ya ce, "Tsakaninka da Allah, naman nan yana da lamba a kunne?"