Ƙarfen Azahar

Ƙarfe goma na safe, ina wucewa da littattafaina, na ga an jingina tsani a ƙofar tsohon gidan wutar garinmu, wanda ake gyarawa ya zama buro, wato ofis. Magina za su yanke guntun ƙarfen da marigayi kakana ya rataye a wurin.

Shi ne mai kula da injuna a da. Rurinsu ba ya barin kowa ya ji ladan, shi ya sa in azahar ta yi yakan buga ƙarfen nan da sifana, har masu shaguna su tashi alwala. Nakan kai masa fura, in tarar da shi yana warin gazuwal, man injunan, hannuwansa baƙi ƙirin. In na gaishe shi ƙasa-ƙasa sai ya kama kunnensa.

"Amaryata, ɗaga murya! A nan mai raɗa bai ce komai ba."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na yi ta bin maginan ina cewa, "Don Allah, malam." Ba wanda ya waiwayo. Da na ji an kunna injin yanka, sai na daka tsawa:

"Ku bar shi! Na kakana ne!"

Shugaban maginan, wani dattijo, ya sa aka kashe injin. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen.

"Ke jikarsa ce? Muryar ma tasa ce. Da bugun nan na koyi salla kan lokaci, ɗiyata. Mun fasa yanke shi, fenti kawai za mu yi masa. Allah ya haskaka kabarinsa yadda ya haskaka mana gari."