Kwaɗon da na sa wa gidan damo

Da Allah zai ba ni dama in warware abu guda cikin abin da hannuna ya ƙulla a duniya, kwaɗon da na sa wa gidan damon ɗiyata zan cire. Ƙaramin kwaɗo ne irin na akwati, amma yau na tsufa kuma ban daina jin nauyinsa ba.

Ita ce 'yar farina. Mu kuwa yadda muka taso, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye ta mahaifiyata ta karɓe ta, ta girma a gidanmu na Argungu, ni sai dai in hange ta in kau da kai. Da aka ba mu jiha, aikin gini ya buɗe a Birnin Kebbi. Ni birkila ne, sai na kama haya a unguwar Nasarawa, ina zuwa aiki unguwar Gesse inda ake ta gina gidaje. Ba a daɗe ba tsohuwa ta rasu, aka kawo mana yarinyar. Ta zo gidan ubanta kamar baƙuwa. Ta wuni a bakin ƙofa, ba ta shiga cikin ƙannenta, abinci ma sai an matsa mata. Ina gani, abin yana ci na, amma ban san ta inda zan fara ba.

Kawunta, ƙanen uwarta, direban babbar mota ne, yana kai kaya Agadas. Wata rana da bazara ya sauka wurinmu da kwali mai huji a hannu, ya ajiye a gabanta. Damo ne, amma ba irin namu ba. Kansa kamar na kunkuru, bayansa da ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, wutsiyarsa kuma duk ƙaya. Ya ce a hamada suke, cikin duwatsu, ganye suke ci. Ta tsinko ganyen zogale ta miƙa, damon ya karɓa a hannunta. Ranar na fara jin dariyarta a gidana.

Sai na ga ƙofa ta buɗe mini. Abin da bakina ba zai iya faɗa mata ba, hannuna zai iya. Na roƙi ragowar bulo a wurin aiki, na sayi ragar waya wurin wani Inyamuri maƙwabcinmu mai shagon kayan gini, na shiga aiki ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci.

A nan na fara kuskure. Mu mutanen ruwa ne, ubana masunci ne, kakana ma haka. Abin da na fi sani mai kama da damo shi ne guza, wanda muke gani a bakin gulbi yana kwance cikin laka. A wurinmu kuma, in kana son abu, inuwa da ruwa kake ba shi. Don haka na zaɓi gindin dogon yaro, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Na daɓe ƙasa da siminti sumul don kada ya yi rami ya gudu, na yi masa ɗan kwarmin ruwa a tsakiya, na shafe bango ciki da waje, na yi murfin raga. Maƙwabcin nan ya leƙo ya gani, ya riƙe baki.

"Oga birkila, wannan gida ya fi ɗakina kyau. In ƙadangare ya tashi, ni zan shiga haya."

Muka yi dariya. Ita tana tsaye daga gefe da damon a ƙirjinta. Ban dube ta ba, na ce wa uwarta, "Ki ce mata ta sa shi ciki."

Kwanakin farko lafiya lau. Da ruwan sama ya sauka, gindin bishiyar ya daina bushewa. Ita da take wuni a wurin ta lura da abin da ban lura da shi ba. Akwai ɗan wurin da rana ke ratso ganye ta sauka a kusurwa da hantsi, damon yana bin wannan hasken duk inda ya matsa, har hasken ya ɓace. Launinsa ya dushe, ya koma baƙi-baƙi, ya rage ci.

Wani maraice ina wanke cokalin gini, sai na ji ta durƙusa a bayana. Ba ta taɓa fara yi mini magana ba sai ranar.

"Baba."

"Mi an na?"

"Ba shi son ruwa. Rana shika so. Da ka maishe mashi gidan can bakin katanga, a zuba mashi rairai."

Yau na san abin da ta yi a ranar. Yarinya ce da ta tattaro duk ƙarfin zuciyarta ta zo wurin ubanta. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne, abu guda da na taɓa yi mata da hannuna, ta ce bai yi ba.

Na ce, "Ke mi kis sani? Ni da ka gina ma manya gidaje, gidan ƙadangare za ki koya min? Wa ka aje dabba cikin rana in ba mugu ba?"

Ta ce, "To, Baba." Ta tashi.

Ashe ba ta haƙura ba. In na fita aiki sai ta ɗauko shi ta ɗora a kan wani tsohon dutsen niƙa da ke bakin katanga, ta zauna tana tsaronsa. Uwarta ta sani, ta rufa mata asiri. Damon ya fara murmurewa, ni kuma ina ta yabon ginina. Rannan siminti ya yanke mana a wurin aiki, na dawo da hantsi, na iske su. Yana shimfiɗe a kan dutsen, launinsa ya fito rawaya kamar ranar da aka kawo shi. Idona ya gani sarai. Amma na ce shaho zai ɗauke shi, na ce kyanwa za ta cinye shi, na ɗauke shi na mayar. Na je shagon maƙwabci na sayo kwaɗo na datse murfin, na jefa makullin a aljihu. Ganye sai dai ta zura ta ragar.

Uwarta ta ce, "Malam, ka bar mata abinta, ita ta san shi." Na ce ba a yi mini gardama a gidana.

Ruwa ya yi ta zuba a watan nan. Hancin damon ya fara kumfa, idonsa ya kumbura, ganyen da take zurawa ya taru ya ruɓe. Kullum da safe in zan fita tana tsugune a bakin ragar. Ba ta sake roƙo na ba. Na sha taɓa makullin a aljihu, in ce gobe zan buɗe, in an kwana biyu kada a ce yarinya ta juya ni. Ran da na buɗe, gawarsa na ɗauko. Ta karɓa ta naɗe a tsumma, ta haƙa rami a bakin katanga, wurin da rana ke faɗawa, ta rufe. Ba ta yi kuka a gabana ba.

Da kawunta ya dawo ya ga ginin, ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya, ai wannan rijiya ka gina mashi." Ya ce zai kawo wani. Ta ce a'a, ta gode.

Ana cewa damo sarkin haƙuri. Haƙurin da na gani a gidana ba na damon kaɗai ba ne. Ta girma da ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta yi aure a Argungu, tana da jikoki yanzu, tana aiko mini da shinkafa da busasshen kifi, in na yi ciwo ita ce ta farkon zuwa. Amma tun daga ranar nan ba ta sake gaya mini abin da take so ba. Shekarun baya na je gidanta, na ga kajinta ba su da akurki, na ce zan gina mata. Na tsaya a tsakar gida da igiyar awo, na tambaye ta a ina take so a yi shi. Na so ta nuna mini wuri, ko da wurin bai yi ba. Ta yi murmushi ta ce, "Duk inda kag ga ya dace, Baba."

Na zaɓi wurin da kaina, na gina shi.

Ku da za ku karanta wannan, in aka kawo muku dabbar da ba ta ƙasarku ba, ku tambayi inda ta fito kafin ku aza bulo. In kuma ɗanku ya durƙusa a bayanku ya ce abin da kuka yi bai yi ba, don Allah ku ajiye abin da ke hannunku ku juyo ku saurare shi. Kada ku yi yadda na yi.