Atu Mai Daddawa da Jinyar Bube

Atu mai daddawa mutuniyar Fakku ce. Mijinta ya rasu ya bar mata gona da 'ya'ya ƙanana. Ƙanenta Bube kuwa soja ya shiga, aka kai su Kwango bayan an sami mulkin kai, ya dawo ba yadda ya tafi ba. Ba ya duka, ba ya zagi. Amma da ya ji ƙugin mota sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana makyarkyata. An sha rubutu, an yi hayaƙi, ba sauƙi. Ranar da masunta suka tsamo shi daga gulbi, maigari ya ce a kai shi asibiti.

Atu ce ta bi shi, don ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. Ta bar yara wurin surukarta, suka hau jaki zuwa Tambuwal, daga nan motar gyaɗa ta kai su birni, tana toshe masa kunnuwa da gyalenta.

Ɗakin masu taɓin hankali yana can ƙurya, tagoginsa da sandunan ƙarfe. Masu jinya kuwa gindin dogon yaro suke zama, nan suke girki, nan suke shimfiɗa. A bakinsu ta ji cewa duk wanda mai jinyarsa ya tafi, wani gida ake mai da shi inda ake sa mari a ƙafa. Ba ta san gaskiyar zancen ba, ba ta kuma iya tambayar malaman asibiti ba. Daga ranar ta daina runtsawa. Ko bayan gida za ta, da gudu take dawowa.

Sannu a hankali ta fara rikicewa. Ta zuba gishiri a kunu. Ta kira Bube da sunan marigayi mijinta. Wata rana da tsakar rana ta ji muryar 'yarta Nana tana kiranta daga bakin famfo, ta ruga, ba kowa. Jikinta ya yi sanyi, don uwarsu a turun mahaukata ta ƙare rayuwarta. In ita ma abin ya kama ta, wa zai tsaya wa Bube? Ta ɓoye, ba ta gaya wa kowa ba.

Dada, wata dattijuwar Bafillatana da ke jinyar mijinta, ita ta tarar da ita a bakin famfon tana waige-waige. Ta matsa mata har ta faɗi.

"Inna, ciwon uwata na ya biyo ni."

"Ɗiyata, wanga ba hauka na ba, rashin kwana na. Kwanta, ni ka tsaron shi."

Atu ta ce ba zai ci daga hannunta ba, Dada ta ce ai ba a gwada ba. Atu ta kwanta bayan azahar, ba ta farka ba sai hantsin washegari. Ta zabura ta nufi ɗakin. Ta iske Bube zaune yana shan fura, Dada na riƙe masa ƙwarya.

Daga nan matan gindin bishiyar suka fara karɓa-karɓa. Har Atu ta samu ta leƙa gida da damina, ta tarar maƙwabta sun yi mata gayya sun nome geronta. Duk da haka a hanyar komowa ba ta iya cin komai ba sai da ta hango Bube ta taga.

Da kaka aka sallami Bube da ƙwayoyin magani. Bai warke sarai ba, amma yana kiwon awakinta, yana zuwa masallaci. Mijin Dada kuwa suka baro shi a can, tana jinyarsa. Shekara da shekaru, in makiyaya sun sauka kasuwar Kebbe, Atu takan bar tallarta ta je ta tambaye su labarin Dada. Ba ta taɓa samun wanda ya san ta ba.