Hannun da Fada Ya Ƙi Karɓa

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, lokacin da in mutum ya wuce Jibiya ya yi arewa sai a ce ya shiga ƙasar Faransa, ina aiki a bakin shingen iyaka. Aikin ba wani babba ba ne. In motar gyaɗa ta taso daga Maradi za ta Kano, ni ke duba lambarta in faɗa wa malamin kwastan, sannan in ɗaga sandar shinge ta wuce. Iyakar karatuna elementare, amma a gidanmu ni ne ɗan boko, duk abin da ya shafi Nasara ni ake miƙa wa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da damuwa. Mahaifiyata takan ce ko ruwa aka ba ni sai na tambayi rijiyar da aka ɗebo shi. Sai in gama alwala in koma in sake, don ban tabbata na shafi kunne ba. Mota ta wuce tun hantsi, har la'asar ina nan ina tunanin anya lambar da na faɗa ita ce na gani.

Ina da ƙane da ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Ya gama firamare a Katsina, sakandaren da muke sa rai kuma gurbi ya cika. Sai hedimastansa ya sa shi ya zauna jarrabawar wata sakandaren maza ta 'yan Katolika, can kudu cikin duwatsu, inda sai an hau mota an hau jirgin ƙasa kafin a kai. Yaro ya ci. Aka aiko mana cewa ɗaya daga cikin limamansu, waɗanda ake ce wa Fada, zai bi ta Jibiya zuwa Maradi gaida 'yan'uwansa, kuma zai tsaya ya ga iyayen yaron.

Mahaifinmu fataucin fatu yake yi, yana da gona a Riko, kuma ba mai yawan magana ba ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi da ni, “Kai ka san bakinsu. In ya zo ka tambaye shi komi da komi. In ka gama ka kirawo ni.”

Daga ranar tuwo ya daina wuce mini. In na ce a bar yaron ya tafi, ya dawo da gicciye a wuya, ni ne. In na ce kada ya tafi, ya ƙare a ɗaga sandar shinge kamar yayansa, nan ma ni ne. Abokina, wani direban motar gyaɗa ɗan ƙetare, shi ya ƙara mini gishiri. Ya leƙo ta tagar mota ya ce, “Sarkin tsoro, na san su a Maradi. Gemu har ƙirji, ba mata, ba 'ya'ya. Ƙanenka zai dawo yana cin alade da cokali.” Na ce Allah ya kiyashe mu. Ya ce, “Amin, amma ɗaga mini sanda tukuna.”

Duk da tsoron, akwai abin da ke cina a rai, ina son in san yadda irin wannan wuri yake. Ban taɓa ganin makarantar da yara ke kwana a cikinta da idona ba. Wa ke tashe su? Wa ke dafa musu? Mutumin da bai taɓa haihuwa ba, ta yaya yake riƙe 'ya'yan mutane?

Fada ya iso da tsakar rana a wata 'yar ƙaramar mota. Dogo ne, jan gemu, farar rigarsa ta sha hanya har ta koma ruwan ƙasa. Hausarsa a hankali take fita, irin ta mutanen kudu, amma ana ganewa. Na ce masa ko ya wuce yanzu ba amfani, 'yan duwan, wato kwastan na ɓangaren Faransa, sukan rufe su tafi hutun rana, sai wajen la'asar suke dawowa. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya. Na daɗe a tsaye gaban randa ina shawarar kwanon da zan ba shi ruwa a ciki. Daga ƙarshe na ba shi a nawa, na ce wa raina damuwar wannan sai da daddare.

Na fara da tambayar wa ya gina makarantar. Ya ce ba a gina ta ba tukuna, ana kan ginawa. Limamai biyu suka fara ta, da yara 'yan kaɗan, a aron ɗaki bayan wata firamare. Sarkin yankin ya ba su wani tudu mai duwatsu da ba wanda ke nomawa. Yaran farko su suka buga tubalin ajinsu, da safe karatu, da yamma kwaɓa ƙasa. Ɗaya daga cikin limaman nan zazzaɓi ya kashe shi, kabarinsa na nan bayan filin ƙwallo. Ƙararrawarsu har yau guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a bishiya.

Na ce, “Ƙararrawar me take yi?”

Ya ce, “Komai. Ita ke tashe su, ita ke kai su wanka, aji, cin abinci, gona, barci.”

Ya zana mini tsarin a ƙasa da tsinke. Yaran an raba su gida gida, kowane gida da sunan wani waliyyinsu, da malamin da ke kula da shi, da babban ɗalibin da ke tsawatar wa ƙanana. Yaro yakan shiga aji ɗaya ya yi ta hawa, a ƙarshe ya zauna jarrabawar da ake aiko takardunta daga Ingila. Kan malamai akwai firinsifal. Kan firinsifal akwai Bishop, babban limaminsu na yankin. Gwamnati kuma na aiko mai duba makarantu ya leƙa har cikin tukunya. Ina kallon zanen nan ina jin daɗi, domin ni mutum ne mai son a ce kowane abu da mai shi.

Sannan na shiga waɗanda suka hana ni barci. Nama fa? Ya ce a kasuwa suke saye, wurin mahauta Hausawa. Alade fa? Ya yi murmushi ya ce shi kansa ya manta rabonsa da shi, wake da doya ne abincin gidan. Coci fa? Ya ce yaran Musulmi ba su da yawa, ba a tilasta musu shiga, sukan zauna a aji su yi bita. Salla fa? Ya ce akwai fili bayan ɗakin kwana, ba mai hana su.

“Amma ƙararrawa ba ta san asuba ba,” in ji shi. “In bai tashi da kansa ba, ba mai tashinsa.”

Na ce, “An taɓa samun wanda ya shiga addininku?”

Ya ce, “An taɓa. Ba ma yi wa yaro wankan shiga addininmu sai da yardar ubansa, amma wasu in sun girma sukan zo da kansu. In na ce maka ba ma farin ciki, na yi ƙarya.”

Da ya ɓoye mini, da na fi samun sauƙi. Na tashi na je na kira mahaifinmu ba tare da na san abin da zan ce masa ba. A gida na zayyana masa duk abin da na ji, tubali, ƙararrawa, wake, har kabarin bayan filin ƙwallo. Ya sa ƙanina ya wanke ƙafa ya bi mu, shi kuma ya ƙulle goro a ganye.

Ga abin da ban yi tunaninsa ba, duk yawan tunanina. A wurinmu ba a ba wuri yaro, mutum ake ba. In za a kai yaro koyon sana'a ko karatu, uba kan kama hannunsa ya sa a hannun wanda zai riƙe shi, a gaban mutane, ya ce ga amana. Daga nan in yaron ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka aka yi wa mahaifinmu da aka kai shi wurin ubangidansa na fatauci, haka yake shirin yi yanzu.

Aka gaisa, aka miƙa goro. Mahaifinmu ya dubi zanen da ke ƙasa ya ce, “Wanga duka na ji. Cikinsu wane ne kai?”

Fada ya nuna layin malaman gidaje.

Mahaifinmu ya ce, “To madalla.” Ya kama hannun ƙanina na dama ya miƙa. “Ga shi nan. Musulmi na ba ka, Musulmi za ka maido mini. Ranar da na zo nema, kai zan tambaya.”

Fada ya dubi hannun yaron. Nasa hannuwan na kan gwiwa, bai ɗaga su ba. Na ɗauka bai gane ba ne, na fara maimaita masa da ɗan Turancina. Ya ce ya gane sarai.

“Baba, ba zan iya karɓa ba,” in ji shi. “Ni ba ni da ikon kaina. Na yi rantsuwar biyayya. Gobe in Bishop ya ce in tashi in koma wani gari, ko wata ƙasa, jakata kawai zan ɗauka. Haka firinsifal, haka dukkanmu. Makarantar za ta zauna, mu ne ba ma zama. In ka zo nema, mai yiwuwa wani za ka tarar.”

Mahaifinmu ya ce, “To Bishop ɗin?”

“Shi ma ana iya ɗauke shi.”

“Ashe gidan ba mai shi.”

“Akwai doka, Baba. Wanda ya zo ya tarar da ita, ya tafi ya bar ta.”

“Doka ba ta da hannu,” in ji mahaifinmu.

Hannun ƙanina na nan a sama, yaron ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, karatu ya ƙare. Abin haushi ma, sai na ji wani ɗan sanyi a zuciyata, domin ba ta bakina abin ya lalace ba.

Mahaifinmu ya dubi Fada. Sannan ya ce, “Na yi ciniki da mutane da yawa a kan hanyar ga. Wanda ke saurin cewa kawo, shi nake tsoro.” Ya juyo wurina. “Kai, miƙo hannunka.”

Na ce, “Ni, Baba?”

“Akwai wani bayanka? Kai da ke komawa ka sake alwala don kunne. Tun da Allah ya yi ka, ban ga amfanin damuwar ga taka ba sai yau.” Ya sa hannun yaron cikin nawa ya danne da nasa. “Makaranta ta ba shi karatu. Sauran kai zan tambaya.”

Na ce, “Aikina fa?”

Ya ce, “Sanda ce. Wani ya ɗaga.”

Da la'asar na ɗaga wa Fada shinge ya wuce Maradi. Abokina da ya ji labari ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce, “An kai kura gadin akuya na sani, amma yau na ga an kai tsoro gadin karatu.”

Haka na bar Jibiya. Na samu aikin awo a wani kanti a garin da ke gindin tudun, na kama ɗaki a unguwar Hausawa, daga baya matata ta biyo ni. Na ga ƙarfen dogon nan da idona, na ga kabarin. Kowace Lahadi da yamma, ranar ziyara, ina hawa tudun da ƙulli na ƙuli-ƙuli. In duba butarsa ko a jiƙe take, in leƙa wuyansa, in tambaye shi sallolin mako ɗaya bayan ɗaya har abokansa suka sa mini suna Sufeto. Da azumi na sa ƙafa na je wurin firinsifal, na roƙa a riƙa ajiye wa yaran Musulmi abincin sahur, aka kuwa yarda. Fadan nan mai jan gemu bai cika shekara biyu ba aka ɗauke shi, kamar yadda ya faɗa. Ya yi mini ban kwana a bakin ƙofa da 'yar jakarsa, ban sake ganinsa ba. Kafin ƙanina ya gama an canja firinsifal ma, ƙararrawa kuwa ba ta fasa bugawa a kan lokacinta ba.

Ƙanina ya gama, ya ci gaba, ya zama likitan dabbobi. Yana nan da addininsa, ya ma riga ni zuwa Makka.

Har yau in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutanen nan biyu suka fahimci juna a gindin tsamiya. Ɗaya ya yarda da tsarin da ba ya dogara da kowa, ɗaya bai yarda da komai ba sai mutum mai hannu. Kowannensu na ganin na ɗayan bai isa ba, kuma da na zauna a gindin tudun nan na ga yaron dukansu biyu ya buƙata. Ni dai tsakiya aka cusa ni, ban kuma taɓa jin haushi ba.

Yanzu duk mun tsufa. Shi yana Kaduna da jikoki, ni na dawo Jibiya. Amma kullum in aka kira assalatu sai na buga masa waya. Kwanan baya ya ɗauka da muryar barci ya ce, “Yaya, don Allah. Furfura ta gama cin kaina. Yaushe za ka sake ni?”

Na ce masa Baba ne ya sa hannunka cikin nawa, har ya rasu kuma bai ce in saki ba. Tashi ka yi alwala, kada ka manta da kunne.